Lynch ko Cronenberg, Argento ko Carpenter: A Duba Faifan Kafin a Yanke Hukunci

Wasiƙun wannan mako sun karkata gefe guda. Masu son fina-finan ban tsoro da irin waɗanda ke tafiya kamar mafarki suna so a raba musu gardama a kan daraktoci, kuma yawancinsu da kuɗi a hannu, shirin saye suke yi. Na taƙaita wasu daga cikin wasiƙun.

Tambaya: Malam, na tara kuɗin da zai saya mini tarin fina-finan darakta ɗaya, irin na kwali guda. Abokina ya ce David Lynch, yayana ya ce David Cronenberg. Ban taɓa kallon ko ɗaya ba. Wanne zan saya? Ɗalibi mai tara kuɗi.

Amsa: Ƙanena, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Wanda bai taɓa kallon darakta ba ya je ya ɗauko kwalinsa sukutum, cinikin biri a sama ya yi. Mutanen nan biyu sunan fari kawai suka haɗa.

Cronenberg ɗan Kanada ne, an haife shi a 1943, kuma tsoronsa a jikin mutum yake. Labarinsa a miƙe yake tafiya, ba ya ɓoye maka abin da ke faruwa. Ɗauki The Fly na 1986, minti 96: wani masanin kimiyya ya ƙera na'urar da ke ɗauke abu daga wannan akwati ta ajiye shi a wancan, ya shiga da kansa, ƙuda ya bi shi bai sani ba. Daga nan sai lalacewa a hankali. Akwai wurin da yake tsaye a banɗaki yana duba yatsunsa, ya taɓa farce, farcen ya saɓule. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta kwalliya, kuma idan ka gani za ka san dalili. In kai mai tashin zuciya ne da ganin ciwo, ga amsarka nan.

Lynch Ba'amurke ne, 1946 zuwa Janairun 2025, shi kuma bayani ne ba ya yi. A Mulholland Drive na 2001 akwai wata fitowa da mutum biyu ke zaune a gidan cin abinci da rana tsaka, ɗaya yana ba ɗaya labarin mafarkin da ya yi sau biyu, cewa akwai wata fuska a bayan ginin. Suka tashi su je su duba. Babu jini, babu duhu, babu wuƙa. Kyamara ce kawai take ɗan lilo kamar tana shawagi, da wani gurnani can ƙasa-ƙasa a cikin sautin, amma mutane da yawa sun fi tsoron wannan minti biyar ɗin a kan fina-finai goma na yanka.

Abin da za ka yi: ka nemi waɗannan biyun, ka yi haya ko ka kalla a manhajar da kake biya. Ka bar kwana uku tsakani. Wanda ka wayi gari yana nan maƙale a ranka, shi ne naka. Kada ka fara da Eraserhead na 1977 ko Inland Empire na 2006 mai awa uku, kada kuma ka fara da Naked Lunch na 1991. Waɗannan sai wanda ya riga ya saba.

In ra'ayina kake so, Cronenberg ya fi sauƙin shiga, Lynch ya fi cancantar saye. The Fly kallo biyu ya ishe ka, ka gama da shi. Mulholland Drive kuwa sai a kallo na uku mutum yake fara ganin inda aka ɗinke shi, kuma abin da za a maimaita shi ake ajiyewa a gida.

Game da kwalin kansa: haƙƙin mallakar fina-finan kowannensu a warwatse yake a hannun kamfanoni daban-daban, don haka da wuya ka samu kwalin gaskiya da ya haɗa duka. Ana sa biyu ko uku masu kyau a cike da abin da ya samu. In ka ga ana tallata Dune na 1984 "mai tsawo" a matsayin ainihin aikin Lynch, ka sani shi da kansa ya cire sunansa daga wannan sigar ta talabijin, aka sa sunan aro Alan Smithee. Kuma ka sani tun yanzu, yawancin fina-finan mutanen nan biyu akwai tsiraici a ciki, ba na kallo a falo da iyali ba ne. The Elephant Man na 1980 da The Straight Story na 1999 su ne na Lynch da za ka iya kunnawa ba tare da ka riƙe rimot a hannu ba.

Tambaya: Wane darakta ne na ɗaya a duniya wajen ban tsoro? Suna ɗaya kawai nake so, ba dogon turanci ba.

Amsa: Ba gasar kokawa ba ce. Mai tsoron duhu da mai tsoron asibiti ba darakta ɗaya zai firgita su ba. Ka sake rubutowa ka gaya mini abin da ke hana ka barci, sai in ba ka suna.

Tambaya: Kiyoshi Kurosawa ɗan Akira Kurosawa ne? In haka ne zan sayi nasa, don na san gidan.

Amsa: Ba ɗansa ba ne, ba su da dangantaka. Ko da ɗansa ne, fim ba gadon sarauta ba ne. Ka sayi Cure na 1997 don kansa: ɗan sanda ne ke binciken kashe-kashe da mutane daban-daban suka yi, kowanne ya amsa laifinsa amma bai san dalilin da ya sa ya aikata ba. Shiru ya fi magana yawa a ciki. In ɗa da uba kake nema, Brandon Cronenberg, mai Possessor na 2020, shi ne ɗan David.

Tambaya: Malam, abokina ya dame ni wai Dario Argento ya fi John Carpenter. Na samu faifai ɗaya da arha mai ɗauke da fina-finan Argento goma sha biyu, an rubuta 4K a jiki, da wani irinsa na Carpenter. Na kalli Suspiria da Halloween. Gaskiya ban ga abin kuzo-ku-gani ba. Hoton duk dishi-dishi, bakin 'yan wasa ba ya tafiya da magana. Ni ne ban gane ba, ko dai zuzuta su ake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka kalli Suspiria ba, ba ka kalli Halloween ba. Inuwarsu ka kalla. Zan daɗe a kan wannan wasiƙar, don rabin gardamar da ake yi a kan daraktoci daga nan take tasowa: mutum ya kalli jabu, ya fito yana yanke wa mai aikin hukunci.

Fara da lissafi. Faifan DVD mafi girma da aka saba gani yana ɗaukar gigabait 8.5. Raba shi gida goma sha biyu, kowane fim ya samu kusan megabait 700. Fim ɗaya a faifan Blu-ray na gaskiya yakan ci gigabait 25 zuwa 35. Wato an matse shi ninki kusan arba'in. Sannan DVD ba ya iya ɗaukar hoton da ya wuce ɗigo 720 a faɗi, alhali 4K ɗigo 3840 ne. Duk DVD da aka rubuta wa 4K a jiki, ƙarya aka buga da tawada mai sheƙi. Faifan 4K na gaskiya ma ba ya kunnuwa a na'urar DVD, ko a na'urar Blu-ray ta da, sai an sayi tasa.

To me ya sa wannan ya fi illa a fim ɗin ban tsoro a kan, misali, fim ɗin barkwanci? Domin manhajar da ke matse bidiyo, idan wuri ya yi mata kaɗan, wurare masu duhu take fara sadaukarwa. Tana ɗauka ido ba zai lura ba. Sai inuwa mai hawa-hawa ta koma baƙin tabo guda, ko ta farfashe ta zama murabba'ai masu motsi. Daraktan ban tsoro kuwa a cikin inuwar nan ya ajiye jarinsa. Kusa da ƙarshen Halloween na Carpenter, 1978, jarumar tana tsaye a bakin wata ƙofa mai duhu tana haki, bayan ta ga gawarwakin abokanta. A bayanta, cikin baƙin, farar fuskar mai kisan take bayyana a hankali, kamar idonka ne yake sabawa da duhun. Mai ɗaukar hoton, Dean Cundey, da fitila mai ƙara haske kaɗan-kaɗan ya yi wannan. A faifanka, ko dai fuskar ta faɗo kwatsam kamar an manna ta, ko kuma kana hango ta tun farko a cikin toka-toka. Ko ta wace hanya, an sace maka abin da ka biya.

Na biyu, faɗin hoto. Carpenter yana ɗaukar fim a shimfiɗe, faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 2.35, kuma a gefe-gefe yake ɓoye abin tsoro: bayan shinge, ƙarshen titi, can kusurwar taga. Masu jabu sukan kwafo tsohuwar sigar talabijin da aka datse don ta cika allon da, wanda faɗinsa bai fi tsayinsa da yawa ba, wadda ta zubar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na hoton. Ko wadda aka datse don ta cika talabijin na zamani tana zubar da kusan kwata. Baƙaƙen layukan da kake gani sama da ƙasa ba matsala ba ne, su ne shaidar an ba ka hoton cikakke. Kada ka danna maɓallin da ke cika allo. A Deep Red na Argento, 1975, an nuna fuskar mai kisan tun farkon fim, a fili, na ɗan lokaci kaɗan, a wani gefe na hoton, kuma duk labarin a kan wannan hangen aka gina shi. Datse gefen, ka rushe ginin.

Na uku, launi. Suspiria na Argento, 1977, labarinsa bai taka kara ya karya ba: wata yarinya Ba'amurkiya ta je makarantar rawa a Jamus, ashe matsafa ke riƙe da ita. Shi ke nan. Abin kallon shi ne ja da shuɗi da kore da Luciano Tovoli ya watsa wa bango da fuskoki, da kiɗan ƙungiyar Goblin mai raɗa da ƙararrawa da ke danne kunne. Ja mai ƙarfi kuwa yana cikin launukan da matsewa ta fi ɓatawa, yakan zube ya wuce iyakarsa kamar rini a ruwa. In aka haɗa da sautin da aka matse ya fito ta ƙaramar lasifikar waya, me ya rage? Labari mara ƙarfi. Shi ka gani, shi ya sa ka ce zuzutawa ce.

Batun baki da magana kuwa, a nan faifanka bai yi laifi ba. A wancan zamani a Italiya ba a cika ɗaukar murya a wurin aiki ba. 'Yan wasa daga ƙasashe daban-daban kowa ya yi yarensa, daga baya a ɗora muryoyi a situdiyo. Ko sigar da ta fi kowace tsada haka za ka same ta. Haka kuma in ka sayi Deep Red mai tsawo, wajen minti 126, za ka ji Turanci na yankewa a wasu wurare a koma Italiyanci da fassara a ƙasan allo, saboda waɗannan wuraren babu muryoyinsu na Turanci. Ba lalacewa ba ce.

Na huɗu, yanka. Wannan ya fi ɓoyuwa, don ba a gani sai an duba agogo. Phenomena na Argento, 1985, a Amurka an sauya masa suna zuwa Creepers aka zubar da kusan rabin awa. Possession na Andrzej Żuławski, 1981, minti 124 ne, amma sigar da aka fara fitarwa a Amurka minti 81 ce. The Shining na Stanley Kubrick yana da ta Amurka mai minti 144 da ta Turai mai minti 119, duka biyun da hannunsa. Mutum biyu za su iya kwana suna musu a kan fim ɗaya alhali ba abu ɗaya suka kalla ba. Kafin ka biya, ka duba tsawon da aka rubuta a bayan kwali ka gwada da na asali. Amma ka lura da wani abu: DVD na tsarin PAL, irin na Turai, yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, don haka fim ɗin awa biyu zai nuna kusan minti 115. Gibin kashi huɗu cikin ɗari ba yanka ba ne. Gibin minti ashirin yanka ne.

Yanzu yadda ake gane jabu a hannu. Juya faifan. DVD da aka buga a masana'anta cikinsa azurfa ne ko ruwan zinariya kaɗan. Wanda aka ƙona a kwamfuta shunayya ne ko shuɗi-shuɗi, kuma in ka karkata shi ga haske za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Blu-ray da aka ƙona cikinsa yakan yi duhu sosai. Duba zoben tsakiya: na masana'anta yana da ƙananan lambobi, galibi da harufan IFPI. Akwai 'yan kamfanonin gaskiya da ke ƙona tsofaffin fina-finai bisa oda, amma su sukan faɗa a fili. Duba rubutun bayan kwali, masu jabu ba sa karanta abin da suka kwafa, za ka ga sunan ɗan wasan wani fim a jikin wani. Sa shi a kwamfuta ka ga girmansa: Blu-ray da ya kamata ya haura gigabait 30 in ka same shi ƙasa da 25, an matse faifai mai hawa biyu ne a cikin mai hawa ɗaya. Ga kuma tarko na musamman ga masu son Lynch: bai yarda ya yi sharhin murya a kan fina-finansa ba, kuma faifan Mulholland Drive na gaskiya da aka fitar a Amurka ko rabe-raben babi ba shi da su, don ba ya son a riƙa tsallake. In ka ga kwali na alfahari da "sharhin darakta", ajiye shi. Haka Inland Empire: da ƙaramar kyamarar bidiyo ta Sony PD150 aka ɗauke shi, dishi-dishinsa na asali ne, babu faifan da zai mayar da shi garau.

Kamfanonin da suka yi suna wajen gyara irin waɗannan fina-finai su ne Criterion da Synapse a Amurka, Arrow Video da Second Sight da BFI a Ingila. Amma kafin ka yi oda daga wata ƙasa, duba harafin yanki. Blu-ray kashi uku ne: A na nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C na Sin da Rasha da Indiya. Faifan A ba zai kunnu a na'urar B ba sai in mai karɓar kowane yanki ce. Mutane da yawa sun biya kuɗin kaya da na dako, faifai ya iso, allo ya nuna musu saƙon ƙi. Faifan 4K galibi ba shi da wannan shingen, amma Blu-ray ɗin da ake haɗowa da shi a kwali ɗaya yana iya kasancewa da shi.

In ka samu na gaskiyar, saura talabijin ɗinka. Shiga saituna ka kashe abin da ke sa motsi ya yi santsi, kowane kamfani da sunan da yake kiransa, shi ne ke sa fim ya koma kamar wasan kwaikwayon talabijin. Ka bar yanayin "mai haske" na kanti ka koma na sinima. Kashe fitilar ɗaki. In ba ka da lasifika mai kyau, abin sauraro na kunne ya fi lasifikar talabijin nesa ba kusa ba.

Bayan duk wannan, ga hukuncin gardamarku. Carpenter ya fi iya labari da saka rai a zullumi, kuma The Thing na 1982 babu ɓarnar minti ɗaya a cikinsa, duk da cewa bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito. Argento ya fi ido, amma daga Opera na 1987 zuwa gaba aikinsa ya yi ta ja da baya. Daga cikin goma sha biyun nan naka, huɗu ko biyar ne suka cancanci nema. Kuɗin faifan jabu biyar da sun saya maka ɗaya daga cikinsu gangariya, kuma arha dai ba ta ado.

Tambaya: Malam, 'yata mai shekara goma ta ga hoton Pan's Labyrinth, yarinya da wata halitta mai ƙaho, ta nace sai na saya mata. Na ji an ce tatsuniya ce. Hankalina bai kwanta ba, amma ba na son in zama uwar da komai a'a. Uwar yara uku.

Amsa: Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya, kuma tambayar da kika yi kafin saye ita ce aikin uwa. Kada ki saya mata. Fim ɗin Guillermo del Toro ne na 2006, kyakkyawa ƙwarai, amma na manya. A Sifaniya ta 1944 aka kafa labarin, bayan yaƙin basasa, kuma tun kafin a yi nisa akwai wurin da wani hafsan soja ya farfasa wa mutum fuska da kwalba, an nuna ba a kau da kyamara ba. Akwai azabtarwa, akwai dodo mai cin yara. A Amurka tambarin R gare shi, wato ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba, a Ingila kuma 15, wato sai mai shekara 15 zuwa sama.

Ki gaya mata an ajiye mata shi sai ta girma, sannan ki ba ta madadi a ranar, don a'a da hannu wofi ita ke kai yaro nema a waya. Spirited Away na Hayao Miyazaki, 2001, yana da duk abin mamakin da take so, sai dai ki zauna kusa da ita a farkon, inda iyayen yarinyar suka rikiɗe aladu. Coraline na 2009 da 'yan tsana aka yi shi amma ya fi tsoro, masu maɓalli a madadin ido sukan bi yaro har gado, ki fara kallo ke kaɗai. Ki yi hattara da Alice na Jan Švankmajer, 1988: sunan na yara ne, cikinsa ƙasusuwa da gawar zomo mai zubar da garin katako.

Dabarar da za ta yi miki aiki kullum: hukumar tace fina-finai ta Ingila, BBFC, tana rubuta dalilin kowane tambari a shafinta, shafin bayanan fina-finai na IMDb ma yana da sashen jagorar iyaye da ke lissafa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu ne karatun. Hoton kwali ba shaida ba ne.

Tambaya: Na yi odar Crash na Cronenberg, aka kawo mini wani fim a kan wariyar launin fata a Los Angeles. An cuce ni ko?

Amsa: Kai ka cuci kanka. Na Cronenberg 1996 ne, wanda aka kawo maka na Paul Haggis ne na 2004. Ana duba shekara da sunan darakta, ba suna kaɗai ba. Tun da abin ya zo, ga sauran ramukan: The Thing akwai na 1982 da na 2011. Halloween akwai 1978, 2007 da 2018. Suspiria akwai na Argento da na Luca Guadagnino na 2018, wanda ya fi shi tsawo da kusan awa guda kuma launinsa a dushe da gangan. Cronenberg ma da kansa ya yi Crimes of the Future sau biyu, 1970 da 2022, labarin ba ɗaya ba. In ba ka ɓare ledar ba, mayar. Kuma wataƙila an yi maka gata, don Crash na 1996 ba inda ake fara Cronenberg ba ne.

Tambaya: Malam, ƙawayena suna ta yabon Ari Aster, sun ce ya fi Robert Eggers da Jordan Peele. Sun shirya mu kalli Hereditary tare. Wata huɗu ke nan da rasuwar ƙanwata, har yanzu barci na yi mini wuya. Ina jin kunyar in ce ba zan je ba.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri. Kada ki je wannan kallon, kuma babu abin kunya a ciki. Hereditary na 2018 a kan makoki aka gina shi: mutuwar yarinya ƙarama a hatsari, kukan uwa da aka bar kyamara a kansa, ɗan'uwa da ke ɗauke da laifi. Midsommar na 2019 ma da rasuwar 'yan gida ya buɗe. Aster gwani ne, amma gwanintarsa ita ce danna wurin da ke ciwo, ke kuma naki bai warke ba. The Babadook na Jennifer Kent da The Witch na Eggers su ma ki ɗaga musu ƙafa a yanzu, duka akwai rashi a tsakiyarsu.

In zaman da ƙawaye kike so, ki ba su shawarar Get Out na Peele, 2017. Akwai zullumi, akwai dariya a tsakani, ya ci Oscar ta rubutun labari, kuma ba ya kwana a ƙirji kamar na Aster, ko da yake shi ma ya taɓo rasuwar mahaifiya a wani wuri. A kalla da rana ko da wuri, fitila ɗaya a kunne, ki zauna kusa da ƙofa. In kin ji ba daɗi ki tashi, ba bashi kika ci ba. Rashin barcin kuma in ya ci gaba, ki gaya wa wani babba a gida ko likita, ya fi ƙarfin shafin nan.

Tambaya: An fitar da wani fim da nake so a kwalin ƙarfe mai ɗan littafi da katuna, an ce adadi kaɗan aka buga. Ya ninka na kullum sau uku a kuɗi. Ina da na kullum ɗin. In saya?

Amsa: Duba abu ɗaya: sabon gyara ne aka yi daga ainihin fim ɗin kyamara, ko tsohon faifan ne a sabuwar riga? In tsohon ne, kuɗin gwangwani za ka biya. In sabo ne, ka yi haƙuri, kamfanonin nan sukan fitar da faifan shi kaɗai a kwalin roba bayan wasu watanni. Katunan nan sau ɗaya ake duba su.

Tambaya: Na sayi The Exterminating Angel na Luis Buñuel. A farkon fim baƙi sun shigo gida, sai kuma aka sake nuna sun shigo. Faifan ne ya yi tsalle? In mayar? Kuma tsakaninsa da Alejandro Jodorowsky wa zan bi?

Amsa: Riƙe abinka, Malam, lafiyarsa ƙalau. Buñuel ne ya maimaita da gangan, kuma akwai wasu maimaicin a gaba, har da gaisuwa da jawabin da ake yi sau biyu. Fim ne na 1962 da ya yi a Meziko: manyan mutane sun ci liyafa, sun koma falo, sai suka kasa fita, alhali ƙofa a buɗe take babu mai tsare su. Kwanaki suna wucewa, ladabi yana zubewa, har aka kai ga fasa bango neman ruwa. In ka ci gaba da bin sa za ka tarar da That Obscure Object of Desire na 1977, inda mata biyu, Carole Bouquet da Ángela Molina, suke fitowa a matsayin mace ɗaya, suna musanya ba sanarwa. Wannan ma kada ka rubuto ka ce an haɗa maka faifai biyu.

Buñuel za ka bi. Yana yin abin mamakinsa da fuska a ɗaure, kyamara a natse, shi ya sa ko sigar da ba ta kai ba ba ta kashe shi. Jodorowsky, ɗan Chile, cika ido yake yi: El Topo na 1970 da The Holy Mountain na 1973 cike suke da tsiraici, jini, gawar dabbobi da wasa da alamomin addini, ka san wannan kafin ka kai kuɗinka. Rikici da mai haƙƙin mallakarsu ya sa sun yi kusan shekara talatin babu su a kasuwa ta halal, sai a 2007 aka fitar da su a DVD da gyara. A tsawon wannan lokaci kwafin kwafi ne ya yi ta yawo, wasu an ɗauko su daga sigar Japan da aka shafe wasu sassan hoton da hazo, kuma har yau irinsu ake sake bugawa a sa musu sabon kwali. In ka ga hazo yana bin jikin 'yan wasa, ko rubutun Japananci da ba ya kashewa a ƙasan allo, ka san daga inda naka ya fito.